Barkono da Ciwon Daji: Ina Gaskiyar Magana?



Labari biyu ke yawo tsakaninmu a kan barkono. Wasu na cewa yana kawo ciwon daji, wato sankara. Wasu kuma na cewa maganinta ne. Mu malaman lakwal ba likitoci ba ne, amma mun ga ya kamata mu kawo muku abin da masana suka tabbatar, tunda babu tukunyar miya a Bune da ba ta san barkono ba.

Abin da ke sa yaji sunansa kafsaisin. Yawancinsa yana cikin farar jijiyar nan da ƴaƴan barkono ke manne da ita. Ba ya ƙona harshe. Jijiyar da ke jin zafin wuta yake taɓawa, sai jiki ya zaci ya ƙone. Wani masani na Amurka, David Julius, ya gano haka a 1997, aka ba shi kyautar Nobel a 2021.

To, ina maganar sankara ta fito? A 1994 an yi bincike a birnin Meziko, aka ga sankarar ciki ta fi yawa ga masu cin barkono sosai. A 2006 kuma, a Amurka, aka ba ɓeraye kafsaisin, sai sankarar da ke jikinsu ta rage girma. A 2015 aka fitar da binciken mutum kusan 500,000 a ƙasar Sin: masu cin yaji kusan kullum, mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 14 cikin 100. Kun ga maganar ba ta zama ɗaya ba. Ɓera ba mutum ba ne, kuma ganin abu biyu tare bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Har yau ba a tabbatar yaji na miya yana kawo sankara ba, ba a kuma tabbatar yana warkar da ita ba.

Haɗarin da aka tabbatar yana wajen ajiya. Barkono ko tattasai da bai bushe sosai ba, in aka ɗure shi a buhu, yakan yi fumfuna. Wata fumfunar tana fitar da dafi mai suna aflatoksin, irin wanda ke shiga gujiya da masara. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon, a Faransa, ta sa shi cikin abubuwan da tabbas suke kawo sankarar hanta. Dahuwa ba ta kashe shi. Ga mai ciwon hanta na B kuwa, haɗarin ya ninka sau da yawa.

Saboda haka ga shawararmu:

1. A shanya barkono bisa tabarma ko rumfa, kada a zuba shi a ƙasa, har sai ya bushe ƙayau.
2. A ɗora buhu bisa itace, nesa da laima, musamman da damina.
3. Wanda ya yi baƙi ko fari-fari, ko yake warin ruɓa, a zubar. Kada a daka shi cikin yaji don jin asara.
4. Masu sayen tattasan Difa a kasuwar Gure ko Damagaram su buɗe buhu su duba har ƙasa. Gara a sayi ɗanye ko busasshe a daka a gida da a sayi garin da ba a san asalinsa ba.
5. A kai jarirai rigakafi, domin allurarsu ta haɗa da ta ciwon hanta na B.

Wanda kuma ciwon ciki ya daɗe masa, ko yake ramewa, ko yake amai da jini, kada ya tsaya shan yaji da kanwa. A kai shi gidan likita na Gure. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi babban asibitin Damagaram. Ƴan ci-rani, a nan gudummawarku ta kuɗin mota take da amfani, tun ciwo bai ci jiki ba.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka.