Tsarin Kasuwanci: Darasi Daga Kasuwar Maigatari



Idan ka tambayi matashi wane kasuwanci zai kama, sai ya ce maka shanu ko riɗi. To, wannan haja ya faɗa. Tsarin kasuwanci kuwa amsa ce ga tambayoyi huɗu: wa zai biya ka? Wace buƙata ka biya masa? Nawa za ka kashe kafin kuɗi su shigo? In asara ta zo, a wuyan wa take? A 2002 Joan Magretta ta ce tsarin kasuwanci labari ne na yadda kamfani ke aiki, wanda tilas lissafi ya gaskata shi. A 2010 Osterwalder da Pigneur suka kasa shi gida tara. Mu kuwa kowace Alhamis muna ganinsa a Maigatari.

Mu ɗauki sa ɗaya a kara. Mai turka ya saye shi a rame, ya ciyar da shi harawa da dusa har ya yi ƙiba. Ribarsa tana cikin nama da haƙuri, kuma in san ya mutu, shi ya tafka asara. Dillali bai zuba ko kwabo ba, la'ada yake ci, jarinsa amana, domin shi ke tsaya wa mai saye cewa dabbar ba ta sata ba ce. Falke ya loda shi a tirela zuwa Legas, yana cin tazarar farashi bayan ya cire kuɗin mota da haraji. Mai tirela haya kawai ya sani. Sa ɗaya ne, amma kasuwanci huɗu ya ɗauka.

Kuma wannan hikima ta daɗe. A littafinsa na 1969, Abner Cohen ya bayyana yadda maigida a unguwar Sabo ta Ibadan ke saukar da fataken shanu, ya sa a sayar wa mahauta bashi, shi kuma ya tsaya jingina. Yarda ce hajarsa.

Yanzu mu dawo gona, inda abin ya fi damuna. Manomin Sule Tankarkar da na Gagarawa suna fitar da riɗi da zoɓo da kaka, lokacin da kaya suka cika kasuwa, saboda buƙata ta matsa. Mai ajiya ya saya ya jira tsada. Kamfani ya tace, ya tsince, ya tura riɗi Jafan da Turkiyya, zoɓo kuma Meziko. Wanda ya fi kowa shan rana shi ya fi kowa ƙarancin rabo, don tsarinsa bai wuce noma da sayarwa a tiya ba. Da manoman gari ɗaya za su haɗa kaya a rumbu guda, su tsaftace, su sayar da tan-tan, da sun karɓe ribar ajiya da ta tacewa daga gonar da suka saba nomawa.

Saboda haka, 'ya'yana ɗalibai, kafin ku nemi jari, ku rubuta amsoshin nan huɗu a takarda, ku kai wa dattijon kasuwa ya gwada lissafinku. Masu hali kuma, kada ku ba yaro jari sai ya nuna muku ta ƙofar da riba za ta shigo.

Allah ya yi wa nemanmu albarka.