KUƊIN BINCIKE: INA RABON MAKIYAYI DA ƘARAMIN MAI SANA'A?

Jawabin da aka gabatar a taron makiyaya da fataken shanu a unguwar Kilomita Biyar, Bangui



Iyayenmu ardo-ardo, sarkin tike, sarkin fawa, fatake, dillalai da sauran 'yan'uwa, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya saka wa waɗanda suka baro ruga tun asuba.

Maganarmu ta yau a kan kuɗin bincike ce, wato kuɗin da gwamnati da masu ba ta taimako suke warewa don a gano sabuwar dabarar noma da kiwo. Wani zai ce wannan ai zancen 'yan boko ne. To, mu ba mu wuce firamare ba, amma mun san da sunan shanunmu ake karɓo kuɗin nan, don haka muna da bakin magana.

Dattawa sun tuna yadda aikin likitan dabbobi ya durƙushe bayan gyaran harkar noma da Bokassa ya yi a 1970, lokacin da ƙwararru na waje suka bar ƙasar. Sun tuna bushiya ta 1983. Abin da ya ɗaga mu a shekarun 1980 shi ne aka yarda makiyayi ya riƙe magani da hannunsa. Tarayyar makiyaya ta ƙasa, FNEC, tana sayo magani da yawa, tana kai wa ƙananan ƙungiyoyin GIP a ƙauyuka, su kuma su sayar wa membobinsu. Bankin Duniya da wasu sun sa kuɗi a ciki. A 1989 aka kafa hukumar ANDE don raya kiwo. Wanda ya ga zamanin nan ya san Berenil ya isa rugar da motar gwamnati ba ta taɓa zuwa ba.

Amma abin da muke so ku riƙe shi ne labarin tarkon tsando. Kowa a nan ya san sammore: saniya ta rame, nono ya ƙafe, ta yi ɓari, ƙarshe a sayar da ita a wulaƙance ko ta mutu a kan hanya. Tsandon da ya fi damunmu yana zaune ne a kurmin bakin rafi, daidai mashayar da dole garke ya sauka. Wasu masu bincike na Faransa, cikinsu akwai Jean-Paul Gouteux da Dominique Cuisance, tare da ma'aikatan ANDE 'yan ƙasa, suka zauna suka ƙera tarko wanda ya dace da mai yawo da shanu, marar nauyi, wanda za a naɗe a tafi da shi. An buga sakamakon aikin a 1991.

Dabarar ba ta da wuya. Launin shuɗi yana jawo tsando daga nesa, baƙi kuma yana sa shi ya sauka. In ya shiga ciki sai ya nufi sama wajen haske, ya faɗa cikin raga, ba fita. Kuma Allah ya yi tsando da ƙarancin haihuwa. Ba ya zuba ƙwai ɗari-ɗari kamar ƙudan gida. Macen tana haifar tsutsa ɗaya tak, kamar kowane kwana 9 ko 10. Saboda haka in ana kama 'yan kaɗan kullum a mashaya ɗaya, a hankali sai yawansu ya karye. Babu allura, babu feshi, babu man fetur.

To yanzu ku zaga kasuwar Kilomita Biyar, ku tambayi wane shago ake sayar da wannan tarko. Tela nawa muke da su a unguwar nan, waɗanda ke ɗinka babbar riga da gidan sauro? Abin shuɗi da baƙi da raga ne zai gagare su? Tarko kuwa rana da ruwa suna cin sa, dole a riƙa sabuntawa. Ga mai bukata, ga mai iya yi, amma babu wanda ya haɗa su. Binciken ya yi kyau, ba mu raina shi ba. Sai dai a ganinmu duk dabarar da ba ta zama sana'ar wani ba, ranar da kuɗin furoje suka ƙare ita ma ta ƙare.

A wasu ƙasashe sun lura da wannan gibi. A 1982 Amurka ta yi doka, a zamanin Shugaba Reagan, cewa duk ma'aikatar gwamnati da ke ba da kuɗin bincike mai yawa, sama da dala miliyan 100 a shekara, dole ta ware wani kaso ga ƙananan kamfanoni. Suna kiran shirin SBIR, kuma ma'aikatar gona tana ciki. Kason ya fara ƙarami, zuwa 2017 ya kai kashi 3.2 cikin 100. Ba bashi ba ne. Da farko a ba ka kaɗan ka gwada dabararka na wasu watanni. In ta yi, a ƙara maka mai kauri har shekara 2, daga nan ka shiga kasuwa da ƙafarka. (Ko da yake a wurinsu kamfani mai ma'aikata kusan 500 ma ƙarami ne. Mu a nan mai yara 5 a shago Alhaji ne babba.) Ba aljihunsu muke hange ba, tsarin muke kallo: an rubuta rabon ƙaramin mutum a doka, ba sai ya san wani a ofis ba.

Ita kanta bushiya, abin da ya taimaka aka gama da ita shi ne allurar rigakafi mai jure zafi da aka samo wajen 1990, wadda aka danƙa wa makiyaya da aka horar a Kudancin Sudan da ƙasar Habasha, suka bi garke da ita a ƙafa. A 2011 aka yi shelar an kawar da cutar daga duniya.

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ba noma da kiwo kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi. Muna da cibiyar binciken noma ta ICRA tun 1993, muna da jami'ar Bangui. Mun san baitulmalin ƙasarmu ba shi da ƙarfi, kuma mun san abin da rikicin 2013 da 2014 ya yi wa garkunanmu da unguwar nan, ba sai an faɗa wa kowa ba. Don haka ba sabon kuɗi muke roƙo ba. Muna cewa duk furojen kiwo da za a sa wa hannu, a rubuta a cikin takardarsa cewa ko kashi 3 cikin 100 ne za a bai wa masu ƙananan sana'a su gwada abu. A fara da jaka 300 ko 500, wanda ya nuna aiki a ƙara masa. A yi sanarwa a rediyo da Sango da Fulatanci da Hausa, a yarda mutum ya bayyana dabararsa da baki, a kuma sa makiyayi da bafatake da mace mai tallan nono a cikin masu zaɓe.

Abin gwadawa ba ya ƙarewa. Ga nono yana lalacewa a ruga alhali shagunanmu cike suke da madarar gari ta waje. Ga firji mai aiki da hasken rana don ajiyar allura. Amma bayan tarko, wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne jabun magani. Tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 magani ya yi tsada, mai araha ya cika kasuwa, mutane kuma suka koyi raba allurar sa ɗaya wa shanu biyu. Ƙarshenta cutar ta saba da maganin, na kirkin ma ya daina ci. Yaron da ya yi karatun dabbobi yana zaune ba aiki, a ba shi kayan gwaji da ɗan jari, ya duba jini, ya auna nauyin sa, ya faɗa wa mai shanu gaskiyar abin da zai saya.

Mu ma akwai namu nauyin. Wanda ya karɓi kuɗin gwaji ya ƙara aure da su ya toshe wa na bayansa ƙofa. Ƙungiya za ta riƙe littafi, a karanta shi a gaban jama'a duk wata 3.

Mun rubuta takardar wannan bukata zuwa ga ma'aikatar kiwo, tana wurin magatakarda. Muna roƙon kowane ardo ya sa hannu ko ya dangwala kafin shanu su tashi cin rani. Teloli da masu sayar da magani da ke son shiga su ba da sunayensu bayan sallar la'asar.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.