GEMU BA YA HANA ILIMI, AMMA A ZAUNA A YI LISSAFI

Jawabin da kwamitin ilimi ya gabatar wa dattawa da wakilan ikkilisiyoyinmu na Yauri, Ngaski da Shanga

Mun san waɗansunku tun da asuba suka shiga jirgin ruwa, waɗansu kuma sun baro albasa a fadama ba mai ban ruwa, saboda haka ba za mu tsare ku da dogon zance ba.

Batun da aka ba mu shi ne na 'yan'uwanmu magidanta waɗanda suka daɗe da barin aji, yanzu kuma suna so su koma jami'a, waɗansu ma har ƙasar waje, alhali abin hannunsu kaɗan ne. A 'yan shekarun nan wasiƙun neman taimako irin wannan sun yawaita a gaban kwamiti. Akwai malamin firamare mai takardar NCE da ya ga yaran da ya koyar sun dawo sun zama shugabanninsa. Akwai mai bishara da ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa tun yana saurayi. Akwai ma'aikaciyar asibiti da ta yaye 'ya'yanta, tana so ta ƙara sani.

Amsarmu gare su ita ce, muna tare da ku. Amma akwai magana guda da muke so kowa ya tafi da ita gida: idan magidanci ya koma makaranta, ba shi kaɗai ya koma ba. Matarsa ko mijinta, 'ya'yansu, gonarsu, har da ikkilisiyarsu, duk sun shiga cikin wannan tafiya. Don haka tun kafin a tashi, dole a zauna tare a yi lissafi.

DALILIN DA YA SA MUKE GOYON BAYA

Ba yau muka fara karatu da gemu ba. Aikin mishan da Alexander Banfield ya fara a Shonga ta ƙasar Nupe a 1905, daga baya ya iso Salka, Zuru, Yelwa da Tungan Magajiya. Da yawa daga cikin iyayenmu da suka fara koyon karatu a wuraren nan, da matansu da 'ya'yansu suka zauna ajin. Ba su ji kunyar riƙe fensir da hannun da ya saba da fartanya ba. Su ne suka buɗe mana ido.

Ku tuna kuma da 1968, lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Kainji. Mutane fiye da 40,000 aka tayar daga garuruwansu da tsibiransu aka kai su sababbin matsugunai. Ruwa ya rufe gonaki da kaburburan kakanni, amma wanda yake da ilimi a kansa, da shi ya haye tudu. Har wa yau Kambari, Gungawa, Shangawa, Dukawa da sauran ƙananan kabilunmu muna bukatar namu da za su iya karanta takardar fili, su koyar a sakandare, su duba marasa lafiya, su kuma juya Maganar Allah zuwa harsunanmu.

Muna da misali a marigayi Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi a kudancin Kaduna, wanda aka haifa a 1936. Yana da iyali ya tafi karatu Landan a 1963, ya dawo gida ya yi hidima har ya zama babban sakataren ECWA a 1967. A 1970, yana da shekara 34, ya sake komawa aji a birnin Dallas na Amurka, inda ya sami digirin dokta. Kafin rasuwarsa a 1975 ya riƙe muƙamin babban sakataren ƙungiyar ikkilisiyoyin bishara ta Afirka duka. Abin lura a rayuwarsa shi ne, duk lokacin da ya tafi karatu, yakan komo ya yi wa mutanensa aiki da abin da ya samo.

ABIN DA YA SAME MU

Bari mu ba ku labarin wani ɗan'uwanmu. Ba za mu kama suna ba, amma shi da kansa ya ce mu faɗa don kada wani ya sake faɗawa ramin. Malamin makaranta ne, ya haura shekara 40, yana da 'ya'ya biyar. Wani ya haɗa shi da mai nema wa mutane gurbin karatu a ƙasar waje, aka ce masa ya biya zangon farko kawai, in ya isa zai sami aiki ya biya sauran. Ya sayar da shanun huɗarsa da injin jirginsa, ya jinginar da gonar gado. Mu kuma muka yi masa sujadar ban kwana, muka tara baiko, muka raka shi tasha da waƙa.

Bai cika shekara ba ya dawo. Darajar naira ta faɗi, aikin da ya samu ko kuɗin ɗaki bai isa ba, makarantar ta hana shi shiga aji. Ya komo babu takarda, babu shanu, gona tana hannun wani, yaransa biyu kuma sun bar sakandare.

Iyayenmu dattawa, laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. A cikinmu duka babu wanda ya ce masa, kawo takardun mu gani. Babu wanda ya tambayi matarsa ko ta yarda. Mun yi masa addu'a, amma ba mu yi masa lissafi ba. A cikin Luka sura 14 Ubangiji ya yi misali da mai son yin babban gini, ya nuna cewa mai hankali yakan fara duba ko abin hannunsa zai kai shi ƙarshe, don kada ginin ya tsaya a rabi. Lissafi ba rashin bangaskiya ba ne.

TAMBAYOYI HUƊU KAFIN A TASHI

Ta farko: me za ka yi da karatun in ka gama? Saurayi yana da lokacin gwada wannan ya gwada wancan. Mai shekara 45 ba shi da shi. Ka zaɓi abin da zai ɗora a kan aikin da ka riga ka iya, wanda kuma ake bukatarsa a inda za ka zauna.

Ta biyu: nawa ne kuɗin duka, daga ranar shiga har ranar fita? A haɗa kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, magani, kwamfuta da kuɗin tafiya da dawowa. In da kuɗin waje za a biya, a tuna da abin da ya faru. A tsakiyar 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Wato wanda zai biya dala 5,000, bashinsa ya tashi daga naira miliyan 2.3 zuwa miliyan 7.5, alhali makarantar ba ta ƙara masa ko sisi ba.

Ta uku: wa zai ci da gida? Bulus ya gargaɗi Timoti sosai a kan mai bi da ya ƙi kula da iyalinsa. Kada karatun uba ya cinye karatun 'ya'ya. Kada kuma a sayar da gona. Mu da ruwa ya taɓa cinye wa ƙasa mun san cewa gonar da ta fita hannu da wuya ta dawo.

Ta huɗu: gwamnati ta san makarantar? A watan Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri a Kwatano cikin mako 6. Jiharmu ta yi iyaka da Benin, masu tallar irin wannan digiri ba su da nisa da mu. Araha ba ta ado. Kafin a biya ko kwabo, a bincika a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ko hukumar jami'o'i ta NUC.

A FARA DA ƘOFAR KUSA

A zamanin iyayenmu, mai neman jami'a sai ya nufi Zariya ko Sakkwato. Yanzu akwai jami'ar jiha a Aliero da aka kafa a 2006, da jami'ar tarayya a Birnin Kebbi tun 2013, da jami'ar aikin gona ta tarayya a Zuru. A New Bussa akwai kwalejin tarayya ta koyon kiwon kifi, wadda ta dace da mu mutanen bakin ruwa. Akwai kuma jami'ar karatu daga gida, NOUN, da ta dawo aiki a 2002, inda mutum zai yi karatu yana riƙe da aikinsa da gonarsa. Masu hidimar ikkilisiya suna da kwalejin tauhidi ta UMCA a Ilori, da JETS a Jos, da TCNN a Bukuru, inda ake koyar da aikin juya Littafi Mai Tsarki.

Ga waɗansu abubuwa da za su rage wa manya nauyi. Mai takardar NCE ko difloma mai kyau yana iya neman shiga kai tsaye ta hukumar JAMB, ya fara daga aji biyu. Wanda ya gama digiri bayan ya wuce shekara 30 ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Tun 2024 kuma akwai asusun NELFUND da ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati na cikin gida bashi marar ruwa. Amma a sani, bashi ne, za a biya. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya nemi izinin tafiya karatu a rubuce, kada ya ajiye aikinsa da ka.

IN YA ZAMA DOLE A FITA WAJE

Ba mu ce kada kowa ya fita ba. Akwai karatun da ba a samunsa a kusa. Amma shawararmu ita ce, mai ƙaramin ƙarfi kada ya fita sai da cikakken tallafi a rubuce. A nan ma shekaru suna da amfani. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, na digiri na biyu, yana bukatar mai nema ya yi aiki na aƙalla shekara 2, ya kuma koma ƙasarsa bayan ya gama. Ƙungiyar Langham, wadda John Stott ya kafa, tana taimaka wa malaman tauhidi daga ƙasashe irin namu su yi digirin dokta, su dawo su koyar. Waɗannan ba sa bukatar dillali. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka su, ka guje shi.

Kada kuma a dogara ga aikin da za a samu a can. A Birtaniya doka ba ta yarda ɗalibin waje ya yi aikin da ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu ba. Tun Janairu 2024 kuma yawancin masu digiri na biyu ba a ba su izinin tafiya da iyali. Wato mata da miji za su rabu shekara guda ko fiye. Wannan ma nauyi ne da ba a auna shi da naira, dole su biyun su yarda da shi da zuciya ɗaya.

ABIN DA MUKE ROƘON IKKILISIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwarin da kwamiti ya kawo gaban dattawa.

1. Duk mai neman taimako ya zauna da dattawa, shi da matarsa, ko ita da mijinta, a duba takardun makaranta da lissafin kuɗi kafin a yi sanarwa a majami'a.

2. Maimakon baikon rana ɗaya, kowace ikkilisiya ta riƙa ware wani abu a lokacin kaka. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo gero, shinkafa, albasa ko busasshen kifi. A sa mutum biyu amintattu su riƙe littafin, a karanta shi a gaban jama'a.

3. Gara mu ɗauki mutum ɗaya mu kai shi ƙarshe, da mu raba wa mutum biyar abin da ba zai kai ko ɗaya ba.

4. Matasa su yi wa gonar ɗalibin gayya, zumuntar mata kuma ta riƙa leƙa gidansa. Sau da yawa wannan ya fi kuɗi amfani.

5. A rubuta yarjejeniya: abin da za mu bayar, da shekarun da zai yi mana hidima in ya dawo. Ba don ba mu yarda da juna ba, sai don kada mantuwa ta ɓata zumunci.

6. Kada a mance da mata. Akwai 'yan'uwanmu mata da aure ya katse wa karatu, su ma suna da rabo a wannan asusu.

Ku kuma masu shirin komawa aji, ku yi shirin tawali'u. Za ku zauna da sa'o'in 'ya'yanku, wataƙila yaro ne zai koya muku taɓa kwamfuta. Ku fara koya tun yanzu, ku sake saba wa idanunku da littafi. Ba abin kunya ba ne, sannu ba ta hana zuwa.

Shi ɗan'uwan nan da muka ba ku labarinsa, bai fid da rai ba. Bara matasa suka yi masa gayya, dattawa suka taimaka aka fanshi gonar, yaransa sun koma makaranta. Yanzu yana karatu daga gida, da rana yana aji da ɗalibansa, da dare yana kan littafinsa. Abin da ya kamata mu yi masa tun farko ke nan. Muna roƙon dattawa su duba waɗannan shawarwari shida, su ba mu amsa kafin kaka mai zuwa.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya sa albarka a kan gidajenmu, ya kuma kai kowa gida lafiya. Amin.