Jawabin Taron Shekara: Mu Taimaki Dattawanmu Su Motsa Jiki

Mai girma Shugaban Ƙungiya, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

A damunar 2022, da Kogin Haɗejiya ya yi ambaliya ya shiga garinmu a ƙasar Auyo, goya mahaifina na yi zuwa tudu. Mutumin da ya shekara 40 yana noman shinkafa a fadama, ran nan taku goma ya gagare shi. Tun da ya bar gona yake zaune a zaure, zaman kuwa ya kashe masa gwiwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa mai shekara 65 zuwa sama ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wanda bai iya ba ya yi gwargwadon ƙarfinsa.

Saboda haka ina roƙon Ƙungiya ta nemi izinin hukumar makaranta, a ara mana ɗakin taro kwana 3 a mako bayan La'asar. Kujera ce kaɗai kayan aikin: a tashi a zauna, a miƙe ƙafa, a ɗaga hannu, a dafa bango a taka. Iyayenmu mata a ware musu nasu lokacin. Mai hawan jini ya fara ganin likita tukuna. A tare za a yi, domin tsoho shi kaɗai ba zai ɗore ba, amma in abokin hirarsa na jiransa, zai fito.

Malamanmu da suka yi ritaya, ku ne sahun farko. Ku kuka fitar da mu gudun safe, yau ku bari mu rama alheri.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.