Jawabin Buɗe Ɗakin Kallon Taurari a Mai Wurno

Mai martaba Sultan, Allah ya ja zamaninka; malamanmu limamai; shehunan unguwanni; wakilin ofishin ilimi da ya taso daga Sinnar; iyayenmu maza da mata; ɗalibai.

Garin nan da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi bai taɓa rasa masu karatu ba. Bana mun gyara azuzuwa, mun tayar da katanga, mun dawo da darasin yamma na 'yan mata, yau kuma ga na'urar hangen nesa, gudummawar 'ya'yanmu mazauna Saudiyya.

Ustazun kimiyya ya rubuto mini wannan, in na yi tuntuɓe laifinsa ne. A 1054 aka ga fashewar wani tauraro a rukunin taurarin da Kaza da 'Ya'yanta ke ciki. Kwana 23 Sinawa na ganinsa da rana tsaka, likitan Bagadaza Ibn Butlan ma ya ambace shi. Wani ɗan Nijeriya, Samuel Okoye, yana karatu a Kambirij ya tsinkayi wani ɗigo mai aiko da sigina daga tsakiyar ɓurɓushin. Ashe ƙwayar tauraron ce, tana juyi sau 30 a daƙiƙa. Na'urar Hubble da aka harba a 1990 da James Webb ta 2021 duk sun ɗauko hoton ɓurɓushin. Mu ma da namu: dutsen da ya tarwatse a saman hamadar Nuba a 2008, ɗaliban Jami'ar Khartum ne suka jera da ƙafa tare da Dokta Mu'awiya Shaddad suka tsinto gutsattsarinsa a Mahatta Sitta.

Ku na bayan can, a yi shiru, ba kasuwa muke ba.

To, in ajiye takarda. Ɗakin nan da muke buɗewa ba shi da ƙofa, labule muka rataya saboda baƙi. Na'urar a ƙarƙashin teburina take kwana, ni ne mai gadinta. A taron iyaye an yi ta ɗaga hannu ana alƙawari, wannan ƙofar ƙarfe, wancan kwaɗo, wancan batir da farantin sola. Har yau ko ƙusa ban gani ba. An ce a jira kaka. Kaka ta zo, an sayar da riɗi, har na ga sababbin babura. Ba zan kama suna a gaban mai martaba ba, amma littafin alƙawuran yana hannun ma'aji, ga shi can bakin rumfa, kuma hanyar fita ɗaya ce.

Bayan isha'i za mu saita na'urar kan wata. 'Yan mata za su fara, kowace da rakiyar gidansu.