Tiya Ɗaya Tsakanin Waya Da Kwamfuta: Jawabin Bikin Cikar Sarautar Guci Shekara Ɗari

 

A da, abin da fada take buƙatar tunawa yana cikin kan dattawa da littafin magatakarda: sunayen garuruwa, masu biyan haraji, iyakokin gonaki. Yau kuwa da yawa daga cikin irin wannan ajiya ta koma cikin wayar salula. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Guci, Dungas da Maigatari, abokan cinikinsa duka suna cikin aljihunsa. Ranar da wayar ta faɗa rijiya, tare da su take faɗawa, sai fa idan an kwafe su a wani wuri da ke fahimtar harshenta.

Kowa ya san amfanin tiya a kasuwa: muddin mai saye da mai sayarwa sun yarda da awo ɗaya, gardama ta ƙare. Na'urori ma haka suke. Da farko kowane kamfani da irin nasa awo, sunan da aka ajiye a wayar wannan ba ya shiga ta wancan. A shekarar 2000 ne kamfanonin Nokia, Ericsson, Motorola, IBM da wasu suka fito da ƙa'idar SyncML, wadda kowa ke da damar karantawa ya yi aiki da ita. Daga baya CalDAV ta zo a 2007 domin kalanda, CardDAV kuma a 2011 domin sunaye da lambobi. Shi kansa sunan ana rubuta shi ne bisa tsarin vCard, wanda wayoyin Android da iPhone duka suke karantawa.

Yadda aikin ke gudana abin lura ne. Kowane suna yana da lambar shaidarsa. Waya da kwamfuta suna riƙe da alamar haɗuwarsu ta ƙarshe, saboda haka idan sun sake haɗuwa ba sa maimaita komai daga farko. Kowace sai ta faɗi abin da aka ƙara, da wanda aka gyara, da wanda aka goge. Wannan ya dace da ƙauyukan da layi ke zuwa yana ɗaukewa, domin ana iya rubutu a daji, a daidaita in an shigo gari. Sai dai akwai tarko: abin da aka goge a waya, a kwamfuta ma gogewa zai yi. Daidaitawa daban, ajiyar ko-ta-kwana daban.

Ga kuma batun haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ƙa'idar Unicode ta tanade su, amma na'urar da ba ta bin ta takan mai da Ɗanladi alamar tambaya, ko ta rubuta ƙasa a matsayin kasa.

Hukumomi na canzawa; a 2011 aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta. Kamfanoni ma haka, Celtel ta koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Don haka duk wanda ya zo da wayoyi domin ƙidayar jama'a ko rajistar gonaki, ya kamata majalisar Sarki ta tambaye shi tun kafin a fara: in aikinsa ya ƙare, da wace na'ura magatakardan fada zai buɗe abin da aka rubuta?