Aljanu, Soyayya da Makircin Fada: Yadda Ake Cin Moriyar Ƙagaggen Labari



An nemi in yi magana a kan littattafan nan da ke haɗa soyayya da sihiri da makircin sarauta, waɗanda da yawa daga cikinmu ke karantawa a ɓoye, a bayan littafin darasi ko cikin aljihun teburin ofis, sai ka ce wanda ya saci nama a tukunya. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, babu abin kunya a wannan karatu, muddin mai karatu ya san abin da marubuci ya ɓoye a bayan aljanin da ke cikin labari.

Bari mu ɗauki misali daga gida. A shekarar 1979 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina ya zo na ɗaya, So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya zo na biyu, Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta ya zo na uku, aka kuma buga su a 1980. So Aljannar Duniya shi ne littafin farko na wannan baiwar Allah haifaffiyar Kano, kuma ana lissafa shi a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta rubuta aka buga. Labari ne na Boɗaɗo, 'yar Fulani, wadda ta kafe sai ta auri Yasir, wanda ba Bafulatani ba ne. Dangi suka ƙi, ga kuma aljana ta shiga tsakaninsu.

To, mai karatun da ya tsaya a kan aljanar kaɗai, ya sha romo ne ya bar nama. Tambayar da littafin ke yi ita ce: wa ke da ikon zaɓa wa yarinya miji, kuma me ƙabila ke nufi a tsakanin Musulmi biyu? Wannan tambaya kuwa ba ta tsufa ba. Duk wanda ya zauna a Tarauni, inda mutane daga sassa daban-daban ke maƙwabtaka, ya san gidan da ake irin wannan gardama a yau. Marubuciyar ma ba ta tsaya a takarda ba, domin a 2003 ta nemi tsayawa takarar gwamnan Jihar Zamfara.

Wannan dabara ta sa wa gaskiya rigar sihiri tsohuwa ce a adabinmu. A cikin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko na Hukumar Talifi ta Zariya bayan gasar 1933, attajiri ne ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin kuwa ya faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Watau sihirin nan hoto ne na yadda zalunci ke haifar da gaba, gaba kuma ta ci wanda ba shi da laifi.

Game da makircin mulki kuwa, ku tuna da wazirin da ke cikin Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar masa amanar gari, shi kuwa ya haɗa baki da Sarkin Sinari don a hallaka Musa ɗan Sarki. Me ya tsare Musa? Aku ne, da labarai, dare bayan dare. Ku matasan ma'aikata, wannan naku ne. Ranar da aka damƙa muku makullin ma'aji ko hatimin ofis, za ku sami kanku a tsakanin waziri da aku: ko ku ci amanar, ko ku tsare ta da hikima.

Saboda haka ina ba ku shawara uku. Da farko, ku karanta don daɗi, ku bar labarin ya ɗauke ku, gama wanda bai ji daɗin littafi ba, ba zai ji wa'azinsa ba. Na biyu, in kun gama, ku tambayi kanku: wa zai amfana in masoyan nan suka rabu, kuma in an cire aljanin, wane mutum ne zai tsaya a gurbinsa? Na uku, ku yi wa littafin farko na kowane marubuci adalci. Za ku iske gaggawa a wani wuri, ko yawan dace a wani, amma a nan ne marubuci ke zuba abin da ya daɗe yana ci masa rai. Kada ku manta, Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga gasar da ta fito da Ruwan Bagaja, watau sa'an da yawa daga cikinku.

Wanda duk ke da labari a zuciya, ya ɗauki alƙalami. Allah ya ba mu basirar karatu da riƙon amana, amin. Wassalam.